Geron da Nake Mayarwa Farfaru

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ɗana, amincin Allah ya tabbata a gare ka. Ina roƙon Ubangiji ya tsare ka a tafiyar da za ka yi jibi, tun daga tashar Jibiya har ka sauka Abuja, ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya haɗa ka da abokan zama na gari. Na san za ka yi dariya: uwa tana ɗaki, ɗa yana shagonsa a bakin zaure, amma sai an rubuta wasiƙa. To, yi dariyarka. Kai ɗan fari ne, ni kuwa renon mutanen da ce, ban iya zama in kalli idonka in yi doguwar magana ba. Na daɗe ina riƙe da alli a firamare, saboda haka abin da baki ya kasa, hannu zai yi.

Ka ce mini aikin da aka ɗauke ka a ma'aikatar shi ne ku duba doka ku ba Minista shawara kafin ya sa hannu a takarda, har da takardun naɗa mutane a hukumomi. Ranar da ka faɗa, ka ga na tashi na shige madafa. Murna tana ciki, amma ba ita ta kore ni ba. Irin takardar da za ka riƙa dubawa ita ta raba ni da yayana, kawunka Lawal, wanda sunansa ka ci. Kana makarantar kwana aka yi abin. Iyakar abin da ka sani shi ne ba ma zuwa Farfaru, kuma duk kaka buhun gero yana zuwa daga gidansa, ni kuma ina sa a mayar. Yanzu kawunka yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma da ƙyar. Ba na so ka tafi ba ka san abin da ya faru ba, kuma akwai abin da zan roƙe ka a ƙarshe.

Bayan na bar koyarwa na shiga siyasa, har na zama shugabar mata ta jam'iyyarmu a nan ƙaramar hukuma. Na yi wahala, ba zan rage wa kaina ba. Babu lungun da ban taka ba, daga Riko har ƙauyukan bakin boda. Da aka ci zaɓe, wani jigon jam'iyya ya kira ni a waya ya ce an saka mini, Minista ya naɗa ni a hukumar da ke sa ido kan hatsin da ke shiga da fita ta kan iyaka. Kafin in ajiye wayar gidan nan ya cika. Masu guɗa suna yi, masu addu'a suna yi, ni kuwa kaina ya yi girman da ɗankwali ba ya zama.

Kuskurena na farko, ban tambayi kujerar wa aka ba ni ba. Washegari kawunka ya zo a kan babur. A lokacin shi ne shugaban ƙungiyar dillalan hatsi na kasuwar nan. Bai shigo cikin masu taya murna ba, sai ya aiko in same shi a zaure.

Ya ce, "Kulu, kujerar ga da masu ita. Doka ta ce dillalai za su miƙa sunaye, Minista shi zaɓa cikinsu. Mun miƙa, ba a ko duba ba. Ki ce masu kin gode, ki bar masu abinsu."

Na ce, "Yaya, hala don sunanka na ciki ne? Kai ka riƙa ɗaukata bisa keke kana kai ni makaranta. Yau na samu abin da ya hi naka, shi ne ya zama laihi?"

Ya ce, "Ni ba haka nike nuhi ba. Ina jiye maki ranar da za a tashe ki gaban mutane."

Na ce masa Allah ya raba mu da hassada, na juya na koma wurin baƙina. Ko ruwa ban sa an kai masa ba.

Ɗana, ranar da za a kawo maka suna a ce ka shirya takardar naɗi, ka buɗe dokar da ta kafa hukumar tukuna, ka ga wa ta ce a naɗa, kuma ta wace hanya. In sunan bai bi hanyar ba, ka faɗa wa maigidanka cikin ladabi, ka kuma rubuta masa. Zai ɓata rai, wataƙila ya ce kai yaro ne ba ka san siyasa ba. Ka haƙura da ɓacin ransa. Kuma kada ka ɗauka alheri kake yi wa wanda za a naɗa in ka kau da kai. Can a wani gari akwai wata baiwar Allah irina da za ta yanka rago ta tara mutane, ba ta san ranta za a ɓata ba. Da an samu mutum ɗaya a ofishin nan da ya buɗe doka ya ce a dakata, da iyakata in yi fushin mako guda in manta.

Kuskure na biyu a can Abuja na yi shi, kuma shi ne wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, har mahaifinka, Allah ya jiƙansa. Ni dai na san wake a tukunya, ban san shi a sito ba. Wata rana aka kawo maganar maganin ƙwari da ake zuba wa wake, da wani kamfani da shugaban hukumar yake so a ba izinin feshi a rumbunan kan iyaka. Wani dattijo masanin noma ya ce shi bai gamsu ba. Ya ce maganin yana bukatar lokaci kafin ya saki hatsi, saboda haka wakiliyar dillalai ta faɗa musu tsawon zaman da buhu ke yi a sito a Jibiya kafin a loda shi a mota zuwa Maraɗi ko a fitar da shi kasuwa. Duk aka juyo ana kallona. Wallahi ban sani ba. Kawunka da za a tashe shi daga barci zai ba da amsa, har ya faɗa musu bambancin lokacin kaka da na bazara, da yadda kaya ke kwana in an samu tsaiko a wajen 'yan duwan, wato kwastan. Ni kuwa sai gyara mayafi nake yi.

Shugaban ya yi murmushi ya ce, "Ku bar Hajiya, ita tamu ce." Da aka zo ɗaga hannu, ya dube ni, na ɗaga. In baki ya ci, ido sai ya ji kunya. Ban san ko wani ya cutu da wannan hannu da na ɗaga ba, kuma rashin sanin shi ne ya fi damuna. Ka sha yi mini tsiya kan yadda nake wanke wake kamar mai wankin kayan jarirai. To, ga dalili.

A wannan ɗaki na fahimci abin da ya sa doka take ɗaure hannun Minista, ko da yake na ƙi yarda da shi sai bayan shekaru. Ba don an raina shi ba ne. Ita hukuma an kafa ta ne don ta ce a'a in abu bai yi ba, har ga shi wanda ya naɗa ta. Wanda aka ɗauko daga gida aka ɗora don an ga dama, ba shi da bakin cewa a'a. Kai ma ka kiyayi kujerar da ba ka san aikinta ba, da alfarmar da za ta rufe maka baki. In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, a ba ka lokaci ka bincika. Da na faɗi haka a ranar, da an yi mini dariya an wuce, ni kuma na samu barci.

Ana nan sai ga sammaci. Ƙungiyar dillalai ta kai ƙara babbar kotun tarayya a Katsina, tana neman a duba ko Minista yana da ikon yin abin da ya yi. Sunan kawunka ne a sama tunda shi ne shugaba, nawa kuma yana ƙasa da na Minista. Ka san mu nan, in an ce wane ya kai wane kotu, to zumunci ya ƙare ke nan. Ni abin da na gane kawai shi ne yayana, ciki ɗaya, ya kai ni gaban alƙali don a ce ban cancanta ba.

Nan na yi kuskure na uku, wanda har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Na ce tunda halina ake so a tona, bari in kai masu shaida. Na fitar da anko, atamfa kore mai ganye. Na cika motoci da mata daga Jibiya da Riko, har da tsofaffin ɗalibaina da limamin unguwarmu. Na sa aka yi dambu aka zuba a kuloli. Muka isa kotu kamar masu kai amarya.

Lauyan gwamnati, wani yaro da bai fi ka yanzu ba, ya fito ya gan mu ya riƙe baki. Ya ce, "Hajiya, su wane ne waɗannan?"

Na ce, "Shaiduna ne. Kowa ka tambaya zai faɗa maka ko ni wace ce."

Ya ce, "Ai ba a kiran shaidu a irin wannan ƙarar. Takardu kawai za a duba. Ba ke ake tuhuma ba, ke ko magana ba za ki yi ba."

Na ce a raina yaron nan bai san aikinsa ba. Ina aka taɓa shari'a ba a tambayi mutum halinsa ba? Haka matan suka zauna a gindin bishiya suka ci dambunsu, ni da mutum kaɗan muka shiga. Da magatakarda ya tashi kiran ƙara, ya karanta sunan kawunka da na mahaifinmu, ya karanta nawa da na mahaifinmu. Sau biyu aka ambaci tsohon nan a ɗakin, yana kabarinsa. Na waiga na ga kawunka ya sunkuyar da kai.

Alƙalin kuwa ko sau ɗaya bai tambayi ko ni mutumiyar kirki ce ba. Abin da ya tambaya shi ne, sunana yana cikin waɗanda dillalai suka miƙa? Aka ce babu. Akwai abin da ke nuna Minista ya duba sunayen da aka miƙa? Lauya ya yi ta juya takardu. Ya ce ai Minista yana da iko mai faɗi. Alƙali ya ce ya ji, a nuna masa inda doka ta ba shi ikon tsallake sunayen. Lauya ya koma juya takardu. Ranar hukunci ya ce naɗin bai tsayu ba, Minista ya koma ya bi hanya. Ya ƙara da cewa babu wanda ya kawo wani aibu game da ni, kuma shi bai zauna don ya zaɓa wa Minista mutum ba. Wannan maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Ni dai na ji an tashe ni gaban mutane, kamar yadda aka faɗa mini a zaure.

Kai ka fi ni sanin wannan a littafi, amma ni na san shi a jikina, don haka ka saurara. Za a kai ma'aikatarku ƙara, ba sau ɗaya ba. Za ka ji manya suna cewa 'yan adawa ne, 'yan baƙin ciki ne. Wani lokaci haka ne. Amma ko maƙiyi ne ya kawo ƙarar, tambayar tana nan: an bi hanya ko ba a bi ba? Ka amsa ta, ka bar zancen wa ya aiko su. In kotu ta ce ku koma ku gyara, kada ka zama mai nemo wa maigida ƙofar baya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma ka tuna da wanda aka sauke. Ni daga ranar hukunci jigon da ya kira ni bai sake ɗaukar wayata ba, Minista kuwa ko fuskata bai sani ba. Yaron lauyan nan kaɗai ya tako har bakin mota ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, laifinmu ne." Har gobe ina sa shi a addu'a. In ka samu kanka a wurinsa, ka taka ka je.

Kuskure na huɗu shi ne babba, kuma shi ne ban gama yinsa ba har yau. Muna fitowa daga kotu kawunka ya ratso mata ya zo inda nake. Ya ce, "Kulu, sannu. Zo mu tahi gida, ga mota nan."

Gaban 'yan anko, gaban liman, na ce, "Daga yau ba ni da wa. Wanda ya kai ni kotu ba ɗan'uwana ba ne."

Ya ce, "Allah shi huci zuciyarki." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Kada ka zaci wani abu aka ɓoye mini wanda na gano daga baya. Na san komai tun a lokacin. Kafin a shigar da ƙarar ya tsaya a tsakiyar 'yan hatsi ranar kasuwa ya ce a cire sunansa daga cikin waɗanda aka miƙa wa Minista, ba ya neman kujerar, don kada a ce ya ture ƙanwarsa ya hau. Labari ya iso mini kafin la'asar. Da aka sake naɗin, wani dillali mutumin Riko aka ba. Duk na sani. Amma na riga na yi magana gaban mutane, kuma ni Hauwa ba a san ni da lashe amai ba. Mahaifinka ya yi ta fama, yana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce masa ni nawa ya ruɓe. Da ya rasu, kawunka ya zauna a ƙofar gidan nan yana karɓar gaisuwa har aka share makoki, ban bari ya shigo ya yi mini ta'aziyya ba.

Har kai abin ya shafa. Kana ƙarami, da yake ba na iya kiran sunanka, Yaya Ƙarami nake ce maka. Ka dawo hutu ka tarar na koma ce maka "kai" da "wannan yaron". Ka dube ni, ba ka tambaya ba. Na hana ka kawunka a shekarun da ka fi bukatar namiji babba a kusa da kai. Wannan hakkinka ne, ka yafe mini.

Shi kuwa bai fasa ba. Ka san al'adar gidanmu, in an yi girbi namiji yakan fitar wa 'yan'uwansa mata rabonsu daga gonar gado. Duk kaka buhu zai zo a bayan babur, ni kuma in leƙo in ce a mayar wa mai shi. Shekarar da aka rufe boda kasuwa ta mutu, ya aiko. Na mayar. Ina jin daɗin mayarwar ma, Allah ya yafe mini, don tana nuna mini har yanzu yana nan yana jira.

Ɗana, za ka yi fushi a rayuwa, kuma wani lokaci kai ne mai gaskiya. Amma kada ka yanke hukunci a kan ɗan'uwa gaban taro, don taron zai watse ya bar ka da maganar. Matan da na yi don idonsu, rabinsu sun manta an yi, wasu ma a wurinsa suke awo. In kuwa ka riga ka furta, ka janye da wuri. Kowace shekara janyewar tana ƙara nauyi. Kuma ka riƙe mutumin da zai kira ka gefe ya faɗa maka abin da ba ka so. Ba su da yawa, a Abuja kuwa na ji an ce sun fi ƙaranci.

Bana gero ya zo, amma rabin buhu ne. Ka san gonakin nesa ba sa nomuwa yanzu saboda halin da daji yake ciki, sai ɗan abin da aka samu a bayan gida, ga kawunka kuma yana kwance. Wanda ya kawo ya ce da aka auna aka ga bai kai cin gidan ba, iyalin kawunka suka ce a bar na Jibiya bana, tunda dai dawowa yake yi. Sai ya yi ta bugun tabarma da hannunsa mai lafiya, yana ƙoƙarin magana, har suka gane abin da yake cewa: "Na Kulu." Mutumin yana tsaye riƙe da babur bai ko kashe ba, yana jira in ce ya juya. Na ce ya sauke.

Ga roƙona. Duk mai tafiya yakan zaga dangi ya yi sallama, kuma babu wanda ya fi kawu hakkin ya sa maka albarka. Gobe da hantsi ka nemo mana mota mu je Farfaru. Mu, na ce. Ni kaɗai ƙafata ba za ta iya tsallake wannan zauren ba, tsoro nake ji. Ban san ko zai gane ni ba, ban san ko bakinsa zai iya furta abin da nake so in ji ba. Ka shiga gaba ka yi sallama, ka faɗi sunanka da ƙarfi, ni ina bayanka. In ka ga na tsaya a bakin ƙofa, ka kamo hannuna, na ba ka izini.

Allah ya kai ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka. Ya sa gaskiya ta fi maka sauƙi a baki fiye da yadda ta yi mini. Ya ba ka shugabanni masu jin shawara, ya hana hannunka sa hannu a kan abin da zai kunyata wani. Ya jiƙan mahaifinka, ya ba kawunka lafiya, ya ara mana kwanansa ko zuwa gobe ne.

Furar da ka sha yau da rana har ka ce ba ka taɓa shan mai daɗinta ba, da dawon da zan ƙulle maka na guzuri, duk da geronsa na daka. In mun je, kai za ka faɗa masa, don ni na san kuka ba zai bar ni ba.

Allah ya yi maka albarka, Yaya Ƙarami.

Mahaifiyarka,
Hauwa